Kwalliyar babur da kuɗin sabulu

Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ta Ambursa ya san masu babur a ƙasar nan kashi biyu ne wajen nuna wa abin hawansu ƙauna. Akwai wanda babur ɗinsa zai shekara a hannunsa bai cire ledar da kamfani ya naɗe tanki da ita ba, har ta yi baƙi ta yayyage, sannan ya sa a ɗinka wa tankin riga ya rufe. Akwai kuma wanda ko mako biyu ba ya bari sai ya kai shi wurin mai fenti: a sauya launi, a zana tambarin ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, a rubuta kirari a bayan madigadi, a jera ƙananan fitilu masu walƙiya, a huda salansa don a jiyo zuwansa tun daga bakin unguwa. Na farkon ana yi masa dariya, a ce ya sayi abu ya kasa morarsa. Na biyun shi ne tauraron majalisa. Amma ranar da larura ta kai su gaban dillali, dariyar takan sauya gida.

Maganar ta wuce ta ado, domin babur a kwarin Rima dukiya ce ta ajiya, kamar yadda saniya da rago suke a wurin iyayenmu. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ko ta Birnin Kebbi yakan sayi babur da kaka, lokacin da kuɗi ke hannu, ya yi zirga-zirgarsa da shi, yana sane da cewa in noman rani ya matso, aka rasa kuɗin taki ko na man injin ban ruwa, akwai abin da zai ɗaga. Haka ɗan kabu-kabu, haka malamin firamare, haka ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ya tara kuɗin nomansa ya sayi na hannu. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na wannan shekara, ta faɗo daga wajen 460 a kan dala ɗaya zuwa fiye da 1,500 cikin 'yan watanni, kuɗin sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Da sabo ya fi ƙarfin talaka, sai kowa ya koma kasuwar na hannu. Ke nan abin da ke rage wa na hannu daraja, aljihun magidanci yake yi wa ɓarna kai tsaye.

Mai sayen babur na hannu abu ɗaya yake nema ya sani, wato sauran kwanan da ya rage wa injin da gangar jikin. Wannan kuwa ba ya ganuwa da ido. Mai sayarwa ya san ranar da ya faɗi da shi, ya san sau nawa ya bar baƙin mai ya wuce lokacin juyewa, ya san buhu nawa yake ɗora masa. Mai saye bai san ko ɗaya ba, sai abin da ya iya karantawa a jikin ƙarfen. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a kan wannan matsala a 1970, da misalin kasuwar motoci na hannu, kuma aikin na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, in mai saye ba shi da hanyar bambanta mai kyau da mai aibi, to kuɗin da zai taya na mai shakka ne, kuma mai kaya na ƙwarai ne zai kwana ciki. Dillalan babura na Birnin Kebbi ba su karanta Akerlof ba, amma da wannan lissafin suke cin abinci kullum.

A nan ne fentin kamfani yake da daraja, ko da ya koɗe. Shaida ne. Tankin da rana ta dusashe launinsa bai ɗaya yana faɗin shekarunsa da gaskiya. Ƙarzuwar da ke gefen salansa da kan hannun birki tana faɗin ɓangaren da aka taɓa faɗuwa, da kuma girman faɗuwar. Kan noti da bai taɓa ganin sifana ba yana nuna ba a taɓa buɗe wurin ba. Bakanike mai ido yakan zagaya babur sau ɗaya ya karanta wannan duka kamar wasiƙa. Da zarar an bi jikin da sabon fenti, an goge wasiƙar. Mai saye kuma ba zai cike gurbin da kyakkyawan zato ba, da tambaya zai cike shi: me aka rufe? Ko tankin ya taɓa lotsewa aka cike ramin da foti? Ko tsatsa ta huda shi aka yi walda? Ko ƙashin babur ɗin ya taɓa lanƙwasa a karo aka miƙar? Shi ya sa za ka ga wani yana ƙwanƙwasa tanki da ɗan yatsa yana saurare, wani yana bin sa da mayen ƙarfe, don inda foti ya yi kauri ba ya kamawa sosai. Mai babur na iya rantsewa cewa sha'awa ce kawai ta sa ya yi fentin, kuma ya yiwu gaskiya yake faɗi. Sai dai wanda ya rufe ɓarna ma rantsuwar da zai yi ke nan, kasuwa kuwa ba ta da ma'aunin rantsuwa.

Ban da wannan, fentin bakin hanya ba ya kamo ƙafar na kamfani wajen ƙarko, kuma faɗin haka ba raina masu sana'ar ba ne, bambancin kayan aiki ne. A masana'anta ana wanke ƙarfe da sinadari, a shimfiɗa fentin ƙasa mai hana tsatsa, a bi da launi, a rufe da wani mai sheƙi, a gasa a ɗaki mai zafi wanda ƙura ba ta shiga. Mai fenti a rumfarsa da takardar yashi da tina da injin feshi yake aiki, rana ce ke busar masa, hazon hunturu na sauka a kan ɗanyen fenti. Ga fetur da ke ɗiga a bakin tanki duk lokacin da aka sha mai a kwalba ko galan, yana cin fentin da bai gasu ba. Bayan damina ɗaya ko biyu sai ka ga ya fara kumbura yana ɓarewa, tsohon launi na leƙowa ta ƙasa. A lokacin babur ɗin ya rasa duka biyu, babu shaidar asali, babu kuma kyan da aka biya kuɗi dominsa.

Sai batun ra'ayi. Babur baƙi ko ja ko shuɗi, yadda ya fito daga kwali, kowa na iya hawansa: liman, ɗan kasuwa, ma'aikacin lafiya, saurayi. Wanda aka yi wa ruwan ɗorawa da zanen zaki, aka rubuta habaici ga maƙiya a jikinsa, masu son sa ba su wuce sa'o'in mai shi ba, su kuwa galibi ba su ne masu kuɗi a hannu ba. Dattijon da zai je ɗaurin aure Gulma ko ta'aziyya Kalgo ba zai hau habaicin wani ba. Tambarin Arsenal kuma ya kori duk magoya bayan Chelsea tun kafin a fara ciniki. In masu taya kaya suka ragu, kuɗinsa ya ragu, wannan ko a kasuwar kifi haka yake. Galibi ma dillali ne mai saye na farko, shi kuwa lissafinsa a buɗe yake: “Maigida, sai na cire wannan tarkacen, in sayo salansa, in sayo madubi, in nemi wanda zai yarda da fentin. A ina zan fitar da nawa?” Duk abin da ya lissafa, daga kuɗin mai babur zai zabge shi. Mutum ya biya an saka, ya kuma biya an cire.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne zargin sata. Jihar Kebbi ta yi iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin, kuma kowa ya san babur ɗin da aka ɗauke a ƙofar masallaci ko asibiti abu na farko da ake yi masa shi ne sauya kamanni. Saboda haka sabon fenti a kan tsohon babur yana sa mai hankali ya durƙusa ya duba lambar inji da ta gangar jiki. In fenti ya cike lambar har ba ta karantuwa, ko aka ga alamar an goge wurin, ciniki ya mutu, domin karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma wanda aka kama abu a hannunsa shi ke fara kwana a caji ofis kafin a nemo wanda ya sayar masa. Takardun rajista ma suna ɗauke da launin abin hawa tare da waɗannan lambobi. Wanda rasit ɗinsa ya ce ja, babur ɗinsa kuma ya koma kore ba tare da an gyara takarda ba, ya ɗauko wa kansa dogon bayani a kowane shinge.

Shingayen kuwa sun ƙaru, kuma idon jami'an tsaro a kan babur yake fiye da kowane abin hawa. A watan Mayun 2019 rundunar sojan Najeriya ta sanar da hana zirga-zirgar babura a dazuzzukan jihohi bakwai na Arewa, har da Kebbi, saboda da su 'yan bindiga ke kai hari. Bayan abin da Lakurawa suka yi a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie, a watan Nuwamban 2024, babu mai ganin laifin jami'in da ya tsaya bincikar babur a masarautar Argungu. A irin wannan yanayi, babur ɗin da kamanninsa suka yi daidai da takardarsa yana da wani ƙarin daraja da ba ya da ita shekaru ashirin da suka wuce, wato yana kai mai shi gida ba tare da tsaiko ba. Mai saye na biyan kuɗin wannan kwanciyar hankali, ko bai faɗa ba.

Fenti dai a fata ya tsaya. Gyare-gyaren da ke shiga cikin jiki sun fi shi ɓarna. Ɗauki salansa. Samari na cire abin da ke cikinta don ƙara, suna cewa babur ya ƙara gudu. Kunne ne ke ruɗinsu. Kamfani ya daidaita kafireta da salansar da ya ƙera, in aka buɗe hanyar hayaƙi ba a sake daidaita mai da iska ba, injin kan riƙa ƙona mai kaɗan cikin iska mai yawa, zafinsa ya ƙaru, bawul ya fara cinyewa. Waɗannan ƙananan injina masu siisii ɗari ko ɗari da ashirin da biyar iska ce kawai ke sanyaya su, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Sannan ƙarar kanta tana ba da labarin mahayin. Wanda ya huda salansa ba don tafiyar dattako ya huda ta ba, mai saye zai ƙaddara cewa an sha wasa da babur ɗin a rakiyar amarya, an murɗe shi iya murɗawa, an ɗaga ƙafar gaba.

Haka wayarin. Koyil da batirin ƙaramin babur an yi su ne don fitilar gaba da ta baya da sigina da ham guda. In aka ɗora musu fitilu goma da ham ɗin mota da rediyo mai lasifika, batir ba ya cika, kullum cikin mutuwa yake. Mafi muni, don a jona su sai an feɗe wayoyin asali an naɗe da salatif, a ƙarƙashin tankin mai. Kowane bakanike ya san babu aikin da ya kai neman matsala a wayarin da hannu uku suka taɓa cin rai. Su kuma madubi da murfin sarƙa da ake cirewa don babur ya yi “sauƙi”, na farkon yana tsare rai, na biyun yana tsare sarƙa da siraket daga yashin hanyoyin Arewa da Dandi, wanda in ya haɗu da giris yake cin ƙarfe kamar dutsen niƙa.

Akwai wani rukuni na gyara da ya fi wuyar yanke wa hukunci, shi ne wanda ake yi don aiki. Mai ɗaukar shinkafa daga fadama zuwa bakin titi, ko mai kai kifi da albasa kasuwa, yakan kai babur wurin mai walda a faɗaɗa kariya, a ƙara mata ƙarfe, a sauya shokoba da mai ƙarfi ko a riɓa ta, a sa siraket babba a baya don ja. Wannan ba wasa ba ne, neman abinci ne, kuma yakan biya kansa cikin kaka ɗaya. In aka dace da mai saye wanda shi ma aikin da zai yi ke nan, yana iya ganin an rage masa wahala. Amma ga sauran jama'a, faffaɗar kariya sanarwa ce cewa wannan babur jakin kaya ne, kulocinsa da ƙafar bayansa da ƙashinsa sun ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu. Walda a jikin ƙashin babur kuma takan raunana ƙarfen da ke gefenta, daga nan tsagewa ke farawa. Irin wannan babur a kasuwar ƙauyen fadama ya kamata a sayar da shi, kusa da girbi. Wanda ya kawo shi cikin Birnin Kebbi yana neman ma'aikacin gwamnati ya saya, ya kawo kaya inda ba a nemansu.

Kada a ɗauka ina yaƙi da ado. Mutanen da suka gaji hawan sallah da kwale-kwalen Matan Fada ba za a koya musu son kwalliya ba, kuma rubutun jikin manyan motoci da babura wani reshe ne na adabinmu da ya cancanci a yi nazarinsa. Ado yana da ribarsa ta daban. Ɗan kabu-kabu da fasinjojinsa ke hango babur ɗinsa daga nesa su ƙi hawa na wani ya ci riba. Babur ɗin da duk unguwa ta san shi ya fi wuyar sacewa da rana tsaka. Jin daɗin rai ma abu ne da ake saye da kuɗi, kamar shadda da turare. Abin da nake ja da shi shi ne lissafin da ake yi a bakin ciniki, inda mai babur zai ce ya saye shi kaza, ya kashe masa kaza, don haka kuɗinsa kaza. Kuɗin ado an ci shi ne tun ranar da aka biya, ba ajiya aka yi ba. Ko a Turai da Amurka, inda ake kashe maƙudan kuɗi wajen sauya fasalin babura irin su Harley-Davidson, sananne ne cewa abin da aka kashe ba ya dawowa cikakke ranar sayarwa, masu tara tsofaffin babura kuwa sun fi daraja wanda ke da fentinsa na asali.

Masu dawaki sun riga mu warware wannan. Dokin sarauta ana yi masa adon da ya fi na kowane babur: sirdi, jalala, linzami, likkafa, kayan kai masu ƙyalli. Amma babu ɗaya daga ciki da ke taɓa jikin dokin. Ranar sayarwa ana sauke kayan duka, a fito da shi tsirara, mai saye ya buɗe baki ya duba haƙora, ya shafa ƙafafu, ya sa a zagaya da shi. Kayan kuma su koma kan sabon doki, ko a sayar da su daban da darajarsu. Rigar tanki, rigar kujera, geza, ƙarfen kare ƙafa da ake ɗaurawa da noti, sitikar da ke ɓarewa ba ta bar tabo ba, duk kayan doki ne. Wasunsu ma kare fentin asali suke yi daga rana da ƙarzuwa. Feshi da walda da yankan waya kuwa kamar a yi wa dokin tsaga ne.

Akwai kuma inda ado ke ƙarewa algus ya fara, kuma a ƙasar Gwandu da Kabi, inda ake karanta Risala da Muhtasar a zaure, wannan ba baƙon babi ba ne. Sananne ne labarin ranar da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai sa jiƙaƙƙen a sama inda za a gani ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin wanda ya ƙi tatsar dabba kwanaki don hantsarta ta cika a zaci mai nono ce, suka ba mai saye damar mayarwa. Suna kuma kawo misalin rina tsohuwar tufa don a ɗauka sabuwa ce. Wanda ya fesa wa babur fenti ana jibi zai kai shi kasuwa, don ya rufe waldar tanki, ko ya zuba baƙin mai mai kauri don injin ya daina hayaƙi na kwana biyu, ya san a wane babi aikinsa ya faɗa. Cutarwar kuma ba ta tsaya kan wanda ya saya ba. Kowane irin wannan ciniki yana ƙara wa kasuwa shakka, sai mai gaskiyar da ya yi fenti don sha'awa ya biya bashin da bai ci ba.

Waɗanda na fi tausaya wa su ne matasan da ke karɓar babur a kan yarjejeniyar biya sannu a hankali. Yaro bai gama biya ba, babur bai zama nasa ba, amma ya riga ya sauya masa launi da salansa daga ɗan abin da ke rage masa bayan ya kai balas. In ciwo ko tsadar mai ta sa ya kasa cikawa, mai babur ya karɓe abinsa, a zauna lissafi, sai ya tarar adon da yake ƙirgawa a matsayin ƙari an ƙirga masa shi a matsayin ɓarna. Da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu na Birnin Kebbi da Argungu za su sa a riƙa rubuta wannan sharaɗi ƙarara a takardar yarjejeniya, wato abin da aka yarda a sauya da wanda ba a yarda ba kafin a gama biya, da an rage ƙararrakin da ke kaiwa gaban mai unguwa.

Wanda kuma babur ɗinsa ne halak malak, ransa ya biya sai ya yi fenti, yana iya rage asarar da abin da ke aljihunsa. Kafin a taɓa shi ya ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe, har da lambar inji da ta gangar jiki, ya sa mai fenti ya rufe lambobin kada feshi ya hau su, ya je ofishin rajistar ababen hawa a gyara launi a takarda. Salansar asali da madubai da murfin sarƙa da aka cire kada a bar wa yaran gareji, a ɗaure su a buhu a ajiye a ɗaki. Ranar da taki ko kuɗin asibiti ya tilasta sayarwa, awa ɗaya ta ishi bakanike ya mayar da su, kuma hoton da ke nuna lafiyayyen tanki kafin fenti zai amsa tambayar da dillali ya fi samun ragi da ita.